Sunan Aro Ba Ya Rufe Katara

Da farko muna neman afuwar Edita da sauran 'yan'uwa marubuta, domin a wannan fitowa ba ƙagaggen labari muka zo da shi ba, ba kuma sharhin littafin wani ba ne. Ƙarar kanmu muka kawo. Mun daɗe muna jinkirin rubuta wannan abu saboda nauyinsa, to amma da muka ga yadda ƙannenmu masu tasowa suke ta rububin shiga zaurukan marubuta na waya, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa, kowa kuma yana ganin ya ɓuya, sai muka ce bari dai mu faɗa, in ya so wanda ya ga gemunmu ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Mu dai sana'armu koyarwa ce. Hausa muke koyarwa a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana, kuma yau mun haura shekara 20 muna shaƙar ƙurar alli, tun daga ranar da muka karɓo takardar diflomarmu ta aikin malanta. Rubutu kuwa tun muna ɗalibai ya shiga jininmu, a zamanin da ake karɓo hayar littafi a cusa shi a tsakiyar littafin Lissafi, malami yana ta faman bayani a allo, mu kuwa muna can cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ko Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu. Duk wanda ya yi wannan zamani zai tuna cewa marubutan lokacin ba ɓoye kansu suke yi ba. Kana juya bayan littafi za ka ga hoton mai shi, da taƙaitaccen tarihinsa, da lambar akwatin gidan waya don mai son aiko da wasiƙa. Mata ma suna da ƙarin dalilin yin hakan, domin kuwa an sha yaɗa cewa wai maza ne suke rubuta musu, saboda haka hoton nan na bayan bango amsa ce ga masu wannan zance. Kai, ko malamanmu na ƙarni na 19 da suka yi waƙoƙin wa'azi, da yawansu sai sun saka sunansu a baitocin ƙarshe, sun ɗaure shekarar da ramzi, sannan su ajiye alƙalami. Ashe ke nan ɓoye suna a rubutu ba gadonmu ba ne.

To, me ya kai mu? Abin da ya kai mu shi ne kujerar da muke zaune a kanta. Mai karatu zai tuna cewa a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyya. Wannan ra'ayi kuwa ba a Kano kaɗai yake ba, kusan kowane ɗakin malamai ka shiga za ka tarar da shi zaune daram. Mu da kanmu an sha saka mu cikin masu binciken akwatunan ɗalibai ranar dawowa hutu, mu ƙwace littattafai mu tara a buhu, alhali kuwa a gida, ƙarƙashin katifarmu, akwai littattafan rubutu guda huɗu cike da labarin soyayyar da muka rubuta da hannunmu. Da rana mu ne 'yan doka, da dare mu ne ɓarayin. Mun san sarai cewa ranar da iyaye suka ji malamin da ke koyar da 'ya'yansu mata shi ne mai rubuta yadda saurayi ke kallon budurwa, ba wanda zai tsaya karanta labarin ya ga ko da tarbiyya a ciki ko babu.

Da wayar hannu ta yi ƙarfi, rubutun Hausa ya tashi daga kasuwa ya koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, sai muka ga ai kakarmu ta yanke saƙa. Babu maɗaba'a, babu dillali, babu hoton bayan bango. Muka zaɓi wani suna wanda ba za mu faɗa a nan ba, suna ne da ba ya nuna mace ko namiji, muka fara sakin labari shafi-shafi. Ba a jima ba masu karatu suka yanke wa kansu hukuncin cewa mace ce, suka fara kiranmu Anti, mu kuma muka ja bakinmu muka yi shiru. Wannan shirun ma laifi ne mai zaman kansa, domin akwai matan aure da suka riƙa biyo mu ta bayan fage suna zazzage mana cikinsu a kan zaton 'yar'uwarsu ce, muna ba su haƙuri muna zamewa. Amma wannan zance ne na wata rana.

A wancan lokaci muna da wani gwani da muke kafa hujja da shi a zuci, wato Baturen nan na Ingila mai suna Charles Dodgson, malamin Lissafi a Jami'ar Okusfod. Littattafansa na ilimi da sunansa na yanka yake fitar da su, amma labarin Alice da ya fito a 1865, wanda duniya ta san shi da shi, da sunan Lewis Carroll ya fita. Har ta kai idan aka aiko da wasiƙa kwalejinsa da wannan suna na biyu, sai ya sa a mayar da ita. Muka ce to, ga malami ɗan'uwanmu ya raba gari biyu ya zauna lafiya, mu me zai hana? Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, shi a zamaninsa wasiƙa sai ta bi ta hannun masinja, mu kuwa garuruwan namu biyu a aljihun riga ɗaya suke kwana.

Ba za a ce ba mu yi taka-tsantsan ba. Da yake duk wanda ke cikin zaure ɗaya da kai yana iya ganin lambarka, sai muka sayi layi na biyu da 'yar tsohuwar waya muka keɓe su don rubutu kawai. Wani abokin aiki ya taɓa nuna mana yadda Truecaller take fito da sunan mai lamba daga irin sunan da wasu suka ajiye shi da shi, don haka ba mu taɓa kiran ɗan'uwa ko aboki da wannan layi ba, ko sau ɗaya. Ba mu saka hoto ba, ba mu taɓa aika saƙon murya ba. Da aka zo zamanin sayar da littafi a waya, marubuta suna cewa a tura naira 300 ko 500 kafin a saka mutum a zauren masu biya, sai muka hango ramin da 'yan'uwa da yawa suka faɗa: duk wanda zai tura maka kuɗi ta banki sai cikakken sunanka ya fito masa kafin ya danna. Mutum ya shekara biyar yana amsa sunan aro, rana ɗaya naira 300 ta kwance masa zane a kasuwa. Mu sai muka ce katin waya kawai muke karɓa. Ko da aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, ba mu damu ba, muka ce wannan tsakaninmu ne da hukuma, ba da masu karatu ba. Kai, har alfahari muke yi a zuci cewa mun fi kowa wayo.

Ana nan ana nan, sai muka ga ƙannen bayanmu suna ta wuce mu a wurin aiki saboda takarda, muka koma jami'a neman digiri a irin karatun nan na lokacin dogon hutu. Da aka zo rubuta kundi, muka zaɓi batun da muka fi kowa sani, wato tasirin littattafan waya a kan karatu da rubutun Hausa na ɗalibai mata. Mai duba kundinmu ya yaba, ya ce a yi hira da ɗaliban kai tsaye. Muka nemi izini, muka zaɓi 'yan aji shida su 12, muka zauna da su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bayan ɗakin malamai. Kowacce kafin ta buɗe baki sai ta tambaya, "Malam, ba za a ji ba?" Mu kuma mu ce mata ko kusa, ba wanda zai gani, haruffa za a saka a maimakon suna.

Suka kuwa saki jiki. Dokar makaranta ta hana riƙe waya, amma suka gaya mana inda ake ɓoye ta, da yadda ake yi mata caji, da yadda mutum shida ke lulluɓa da bargo ɗaya suna karatu har biyun dare. Suka faɗi irin littattafan da suke karantawa, har da waɗanda ba a faɗar sunansu a gaban manya. Ɗaya daga cikinsu, yarinya mai ƙoƙari wadda ba ta taɓa wuce ta uku a aji ba, ta ce wayar tata ce, kuma wani saurayi ne ya saya mata, a gida ba a sani ba. Duk muka rubuta. A cikin babobin kundi mun cika alkawari, Ɗaliba A, Ɗaliba B muka saka. Amma a can ƙarshen fayil ɗin, a rataye, mun ajiye wa kanmu jerin sunayen na gaskiya, kowacce da harafinta da abin da ta faɗa, da niyyar mu cire kafin a kai wurin ɗauri.

Saura ɓangaren marubuta. Muna buƙatar su ma su amsa takardar tambayoyi, ga shi kuwa muna zaune cikin zaure mai marubuta fiye da 200. A nan ne Shaiɗan ya raɗa mana cewa ai ba sai mun wahala ba. Wani dare, bayan mun gama makin jarrabawar gwaji idonmu na rufewa, muka kwafi fayil ɗin, muka cire bangon gaba mai ɗauke da sunanmu da lambarmu ta jami'a, muka goge babi na ɗaya da na biyu, muka tura a zaure da sunanmu na aro, muka ce wata ƙanwarmu ce take bincike a taimaka mata. Kuma don Allah a bar mu mu faɗi gaskiya: ba tambayoyin kaɗai muka so a gani ba. Da su kaɗai ne, shafi ɗaya ya isa. Mun bar babi na uku da na huɗu a ciki ne don muna so a karanta a ce kai, wannan ƙanwa ta iya Hausa. Shekara da shekaru ana yabon wani suna da ba namu ba, ran nan sai muka ji ƙishin a yabi aikin da muka yi da sunanmu, ko da a kaikaice ne.

Mun toshe ƙofa mun bar taga a buɗe. Ratayen yana nan a ƙarshe, ba mu gangara mun duba ba.

Sai bayan sallar asuba wata marubuciya, Allah ya saka mata da alheri, ta biyo mu ta bayan fage ta ce, "Anti, kin kuwa duba ƙarshen abin nan da kika turo? Akwai sunayen 'ya'yan mutane." Jikinmu na rawa muka danna goge wa kowa. Saƙon ya ɓace daga zaure, amma wanda ya riga ya tura wa wani ya tura, wanda ya ɗauki hoton shafi ya ɗauka. Magana zarar bunu ce. Daga baya kuma wani mai ilimin kwamfuta ya nuna mana cewa cire bangon ma aikin banza muka yi, domin shi fayil yana tafe da bayanin kansa a ciki, har da sunan da aka yi wa kwamfutar rajista da shi, ga shi nan ɓaro-ɓaro sunanmu na yanka ga duk wanda ya san inda ake dubawa.

Mako biyu ba mu ji komai ba, har mun fara cewa Allah ya rufa asiri. A mako na uku masinja ya leƙo aji ya ce shugabar makaranta tana kira. Muna shiga ofis muka ga wani dattijo zaune da carbi, ɗansa na tsaye a bayansa riƙe da waya, a fuskar wayar kuwa ga ratayenmu. Hoton shafin ya bi ta zauren tsofaffin ɗalibai, ya faɗa zauren wata unguwa, ya isa hannun wan yarinyar nan mai wayar saurayi. Dattijon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. Cewa ya yi, "Malam, na kawo 'yata ne a koya mata karatu. Yau ga sunanta da sunana suna yawo a hannun waɗanda ban sani ba. In ta yi laifi, ni ya kamata ka gaya wa ko duniya?" Muka durƙusa muka ce, "Baba, ba mu da ta cewa." A ranar ya tafi da ita, saura wata uku a fara jarrabawar fita.

Sauran 11 ɗin aka bincike ɗakunansu, aka ƙwace wayoyi, aka kira iyaye. Mu kuma aka ba mu takardar tuhuma, muka amsa, aka ja mana kunne a rubuce aka saka a fayil ɗinmu. Mai duba kundi ya ce wannan babi ya mutu, ba za a yi amfani da hirar da aka karya alkawarinta ba, sai mu sake wani batun daga farko. Shekara guda ta tafi ke nan. Duk wannan mai sauƙi ne. Sau huɗu muna zuwa gidan dattijon nan, na uku da limamin unguwarsu, na huɗu da shugabar makaranta da kanta, kafin ya yarda yarinyar ta zauna jarrabawa, bisa sharaɗin daga gida za ta riƙa zuwa, wanta ya kawo ta ya jira ya mayar da ita. Ranar takardar Hausa muka haɗu da ita a bakin ɗakin jarrabawa. Ta russuna ta gaishe mu kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Malam, ai ka ce ba wanda zai gani." Ba ta jira amsa ba ta shige.

A nan muna so ƙannenmu marubuta, musamman malamai da ɗaliban manyan makarantu da ke cikin wannan ƙungiya, su tsaya su duba wani abu. Duk shekarun da muka yi muna tsaron sirri, sirrin kanmu kaɗai muke tsaro. Tunaninmu kullum shi ne kada a gane mu, kada a kore mu, kada a yi da mu a ɗakin malamai. Ba mu taɓa zama mun lissafa sirrin mutane nawa ne ke cikin jakarmu ba. Malami kuwa jakarsa cike take da kayan mutane: makin jarrabawa, da insha'in da yarinya ta rubuta a kan rabuwar iyayenta, da hoton aji, da takardar asibiti. Ɗalibi mai bincike shi ma haka, muryoyin mutane ne a wayarsa da sunayen ƙauyukansu. Ƙagaggen labari namu ne, in mun ga dama mu saka masa sunan aro, in mun ga dama mu watsa shi kyauta. Kundin bincike kuwa kafin a gama shi a tace shi, rabinsa amana ce, kuma zaure mai mutum 200 ba wurin ajiyar amana ba ne ko da duk 'yan'uwanka ne na jini. Muna ganin yadda ake turo babi sukutum a ce a duba mini ƙa'idojin rubutu, ko a ɗauki hoton takardar ɗalibi mai cike da kurakurai a saka don a yi dariya, sunan yaron yana sama. Da can mu ma dariyar muke yi.

Akwai kuma masu cewa maganin abin shi ne kowa ya fito da sunansa na gaskiya a huta. Ba mu tare da su. Akwai matar auren da sunan aro ne kaɗai ya ba ta damar rubutu, akwai ma'aikacin da in ya fito zai rasa abincinsa. Marubucin nan na Aljeriya da duniya ta sani da Yasmina Khadra hafsan soja ne, ya ari sunan matarsa ne don kauce wa takunkumin gidan soja, kuma bai bayyana kansa ba sai a 2001 bayan ya tuɓe kaki. Ba wanda zai ce ya yi laifi. Sai dai kada wanda ya ari suna ya ɗauka ya shiga kogo. J.K. Rowling, da duk dukiyarta da lauyoyinta, ta fitar da littafi da sunan Robert Galbraith a 2013, wata uku kacal asirin ya yi: wani lauyanta ya faɗa wa ƙawar matarsa, ita kuma ta fesa a Twitter, sannan masana harshe suka auna salon littafin da na sauran littattafanta suka ga hannu ɗaya ne.

Wannan batu na salo shi ne ya kawo mu ga abin da ya fi tsaya mana a rai, wanda ba mu sani ba sai bayan komai ya lafa. Ranar da 'yan aji shida suke sallama, shugabar ɗalibai, wadda tana cikin 12 ɗin nan, ta zo karɓar sa hannu a takardarta. Muka yi ta maza muka ce mata, "To, yanzu dai kun san ko wace ce Antin taku." Sai ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya, ta ce, "Haba Malam, ai tun muna aji huɗu muka sani."

Muka ce ta yaya?

Ta ce, "Malam, duk marubutan waya wa yake saka wa ƙa da ɗa da ɓa ƙugiya in ba kai ba? Wa yake raba 'shi ne' da 'ita ce'? Sannan duk inda aka ji haushi a labarin sai an ce 'kai jama'a, ina dalili', kamar yadda kake cewa in ba mu yi aikin gida ba. Akwai ma ranar da ka yi mana karin magana a aji da safe, da dare muka gan ta a shafi na 40."

Muka tambaye ta su nawa ne suka sani. Ta ce duk ɗakinsu, da ɗakin da ke kusa da su, kuma 'yan ajin da suka fita bara su ne suka fara ganewa suka bar musu wasiyya. Muka ce, to me ya sa ba wadda ta taɓa faɗa, ko ranar da muke ƙwace muku littattafai a bakin ƙofa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai kai babanmu ne. Mun san in aka ji, za a iya raba ka da aikinka. Kuma muna so mu ga ƙarshen labarin."

Muka sa mata hannu a takarda, ta yi godiya ta fita. Labarin da take nufi yana nan a shafi na 63 inda muka tsaya a daren nan, ba mu ƙara ko layi ɗaya ba. Tsohuwar wayar tana cikin aljihun teburi a kashe, kuma lokaci-lokaci in mun kunna ta sai mu tarar da saƙonni sun taru, ana tambaya ko Anti lafiya, yaushe za a ci gaba.